Kafin ka biya kuɗin shafin intanet

Wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari da ke Kano ya aiko da tambaya. Ya ce wani matashi ya nemi ya ba shi naira 300,000 domin ya buɗe masa shafin intanet, tare da alkawarin cewa shagonsa zai riƙa fitowa a sahun farko duk lokacin da aka nemi atamfa a Google. Yana so ya san ko ya dace ya biya.

Alhaji, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. Shawarata ita ce ka dakata da biyan kuɗin nan, kuma dalilina shi ne alkawarin da aka haɗa maka da shi. Babu wani mai haɗa shafi, komai ƙwarewarsa, da ke da ikon tabbatar maka da matsayi na farko a sakamakon bincike, domin kamfanin Google da kansa ya bayyana cewa ba a sayen wannan matsayi da kuɗi. Abin da ake saye shi ne talla, wadda ke fitowa da alamar cewa talla ce, kuma tana ɓacewa da zarar kuɗin da ka zuba sun ƙare. Idan mutum ya nemi shago a yankinsa, abubuwa uku Google ke dubawa: dacewar shagon da abin da aka nema, kusancinsa da mai neman, da kuma irin sanin da jama'a suka yi masa.

Waɗannan ukun duka kana iya fara aiki a kansu ba tare da kashe ko sisi ba. Ka yi wa shagonka rajista a Google Business Profile, wanda kyauta ne, ka sa sunan shago kamar yadda yake a jikin allo, da layin da kake, da lambar waya, da lokacin buɗewa da rufewa, har da yadda kuke yi ranar Juma'a. Wannan ne zai sa shagon ya bayyana a taswira, abin da ke da amfani ƙwarai a kasuwa mai cunkoso irin Kwari, inda baƙon da ya taso daga Maraɗi ko Injamena kan sha wahala kafin ya gano shagon da aka kwatanta masa.

Inda nake so ka fi mayar da hankali shi ne yadda kake gabatar da hajarka, domin a nan ne 'yan kasuwarmu da yawa ke yin asara ba su sani ba. A shago, mai saye yana taɓa shadda da hannunsa, ya ji nauyinta, ya ɗaga ta ya duba sheƙinta. A waya kuwa hoto kaɗai gare shi da kuma maganarka. Saboda haka ka ɗauki hoto da hasken rana, a shimfiɗe, turmi ɗaya a kowane hoto, kuma kada ka yarda a gyara kalar har ta saɓa wa ainihin kayan, domin matar da ta sayi shuɗi aka kai mata wani abu daban ba za ta dawo ba, kuma sai ƙawayenta sun ji labari. Ka rubuta farashin sari da na ɗaiɗai, da yawan yadi, da yadda ake aika kaya ta tashar mota. Manhajar WhatsApp Business, wadda aka fito da ita a 2018, tana da wurin jera kaya da farashinsu, kuma a WhatsApp ne akasarin abokan cinikinka suke tun tuni.

Game da sanin jama'a, ka riga ka mallaki abin da ba a saye, wato 'yan sari da teloli da masu haɗa lefe da suka daɗe suna hulɗa da kai. Ka roƙi waɗanda suka ji daɗin cinikinka su rubuta shaidarsu a ƙarƙashin sunan shagon, ko da Hausa ne. Amma ka guji masu sayar da yabon ƙarya, domin ya saɓa wa ƙa'idar Google, kuma yaudara ce da ba ta dace da ɗan kasuwa mai mutunci ba.

Ban ce shafin intanet ba shi da amfani ba. Idan bayan wasu watanni ka ga masu saye daga nesa sun yawaita har waya ba ta wadatar da kai, sai ka kira matashin ku yi magana a rubuce. Ka tabbata an yi rajistar adireshin shafin da sunanka ko sunan kasuwancinka da ke da rajista a hukumar CAC mai yi wa kamfanoni da kasuwanci rajista, ba da sunansa ba, kuma lambobin sirri suna hannunka. Ka tambaye shi nawa za ka riƙa biya kowace shekara domin sabunta adireshin da ajiye shafin, da kuma wanda zai riƙa sauya hotuna idan sabbin kaya sun sauka, sannan ka biya shi kashi-kashi gwargwadon aikin da ya kammala.