Rubber duck ɗin da ka ji Baturen nan ya faɗa

Kai Sani, tambayarka kenan wai mene ne rubber duck, sunan da Baturen da ya kawo mana gyara jiya ya faɗa? Ba komai ba ne illa kwale-kwalen robar nan da ake hura wa iska a ɗaura masa inji a baya. Mutanen Afirka ta Kudu ne ke kiransa haka, agwagwar roba kenan, wasu kuma kowanne suka gani sai su ce Zodiac alhali wannan sunan kamfani ne na Faransa. Wanke wajen faci da goga sanfefa ba zan tsaya koya maka ba, wanda ya shekara biyu a shagona ya kamata ya iya.

Amma sunan nan har yau in na ji shi raina ɓaci yake yi. Ina Fatakwal lokacin, tsakiyar damina, wani ɗan Afirka ta Kudu mai aikin mai ya kawo min nasa, katakon baya inda inji ke zama ya fara rabuwa da roba. Na duba cikin robar na ga baƙi-baƙi, na ce irin robar da ake kira Hypalon ce, don ɗaya irin, wato PVC, ciki da waje launi ɗaya ne kuma gam ɗinsu ba ya shiga na juna. Na haɗa gam mai kashi biyu na liƙa tsaf, na ce masa ya bar min shi kwana biyu aƙalla, gara ma sati, domin laimar garin nan ba ta barin gam ya kama da wuri. Ya ce to.

Washegari ina masallaci ya turo direbansa, yaron shagona ko tambayata bai yi ba ya buɗe musu, ku yaran yanzu da kun ga farar fata sai jiki ya hau rawa. Suka hura shi tam da rana tsaka, abin da bai wuce bar 0.25 a ma'aunin matsin iska ake sa masa ba kuma zafi ƙara masa matsi yake, suka ɗaura injin Yamaha 40 suka shiga ruwa. Katakon ya ɓalle, inji ya nutse.

Mutumin nan ya zo da ɗan sanda ya rantse wai ni na ce an gama. Kuɗin aikina ban gani ba, babur ɗina na sayar na biya rabin inji, ni da ban taɓa liƙi ya buɗe ba.

Shi ya sa makullin ɗakin liƙi yake aljihuna. Kwale-kwalen Baturen jiya ma kar ka sake wani ya taɓa shi kafin Asabar.