Shirina yana aiki, amma Python na ta yi mini gargaɗi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon Python, yaren rubuta shirye-shiryen kwamfuta, daga wani bidiyo. Na rubuta datetime.utcnow(), umarnin da ke ba da lokacin da ake ciki, kamar yadda mai bidiyon ya yi, shirin ya yi aiki, amma kullum sai rubutun DeprecationWarning ya fito. Wani ya ce in ƙyale shi kawai. Haka ne?
Daga wata ɗaliba a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, ba ki ɓata komai ba, amma ban yarda ki ƙyale shi ba.

Masu kula da Python ne ke shaida miki cewa wannan umarni yana nan tukuna, sai dai sun daina ba da shawarar amfani da shi, kuma suna da niyyar cire shi. Tamkar shagon da hukuma ta shafa wa jan fenti ne: yau ana ciniki a ciki, amma mai hankali ba ya ƙara zuba jari a gininsa.

Tun daga Python 3.12, wanda ya fito a Oktoban 2023, aka sa wa utcnow wannan alama, kuma da dalili. Lokacin da yake ba ki ba ya ɗauke da bayanin yankin da aka auna shi. Agogon Najeriya da na Nijar yana gaban UTC, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa ɗaya. In ƙarfe 1 na rana ne a Zariya, utcnow zai ba ki 12. Ki kira timestamp() a kansa, wato umarnin da ke mayar da lokaci zuwa adadin daƙiƙu, sai Python ya ɗauka 12 ɗin agogon garinku ne, lissafi ya koma baya da awa guda ba tare da wata ƙara ba. Ki duba ɓarnar da hakan zai yi a manhajar biyan kuɗi ko ta jarrabawa. Maganin shi ne ki shigo da timezone daga datetime, ki rubuta datetime.now(timezone.utc), shi ke nan.

Yaushe ake cirewa? Ya danganta. A yaren Java akwai abubuwan da aka yi wa alama tun 1997, har yau suna nan. Amma PHP, yaren gina shafukan intanet, ta yi wa mysql_connect, umarnin haɗa shafi da rumbun bayanai, alama a 2013, ta cire shi a 2015, shafuka da yawa suka tsaya cak da aka sabunta musu PHP. Abin da ke damuna shi ne har yanzu ina ganin masu koyo suna kwafe irin waɗannan umarni daga tsofaffin darussa.

Don haka ki riƙa duba shekarar bidiyo kafin ki bi shi. Gargaɗin kuma ki karanta shi har ƙarshe, domin na utcnow da kansa yana faɗa miki abin da za ki sa a madadinsa.