'Yata ta ƙware a waya, shin ta shirya wa jarrabawar JAMB?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata za ta zauna jarrabawar JAMB, kuma ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba, amma ta ce in kwantar da hankalina tunda ta ƙware a wayar hannu. Shin hakan ya wadatar? Daga wata mahaifiya a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba ta sa'a. Gaskiya bai wadatar ba, ko da yake abin da ya rage mata ba shi da yawa.

Tun daga 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar gaba ɗaya kan kwamfuta. Ana amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu, 60 na Turanci da 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, wato kowace tambaya tana da daƙiƙa 40 ke nan. Yarinyar da ta saba shafa fuskar waya da babban yatsa, idan aka ajiye mata allon madannai tana laluben inda harafi yake, ga agogo a gabanta yana cin lokaci, sai hankalinta ya tashi, abin da ta kwana tana karantawa ya ɓace mata. Wannan ruɗewar ce nake ji mata tsoro, domin tana kayar da ɗalibai masu ƙoƙari.

Madannan da take buƙata kaɗan ne. Da A, B, C da D ake zaɓar amsa, N yana kai ta tambaya ta gaba, P yana dawo da ita baya, S kuwa na miƙa aiki ne, kuma da zarar ta tabbatar da miƙawar, babu sauran gyara. Sai dai sanin wannan a baki bai isa ba, sai yatsunta sun saba. Saboda haka ki sa ta yi rajistar jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa, sannan ki kai ta wata cibiyar kwamfuta ta yi atisaye da tsofaffin tambayoyi, a sa mata lokaci, kada kuma kowa ya danna mata komai.

Haka kuma kada ta yi ƙunshi a kan yatsu gab da rajista ko ranar jarrabawa, domin sai na'ura ta tantance zanen yatsa kafin a shiga ɗaki, kuma hukumar ta yi gargaɗi cewa lalle yana hana na'urar karanta shi.