Me ya sa Accra da ke bakin teku ba ta kai Kumasi ruwan sama ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni haifaffen Aboabo ne a Kumasi, yanzu ina zaune a Nima, cikin Accra. Na ɗan yi gini a wajen Ashaiman, ina so in sa tanki in riƙa tarar ruwan rufi kamar yadda yayana yake yi a gida. Maƙwabcina ya ce kada in ɓata kuɗina, wai Accra ba ta da ruwan sama, har Tamale ta fi ta. Yaya za a yi garin da ke bakin teku, wanda kusan kowace shekara sai an yi ambaliya, a ce ba shi da ruwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, maƙwabcin naka ya faɗi gaskiya a kan ruwan, amma a kan tankin akwai gyara.

Da milimita ake auna ruwan sama. Idan aka ce an samu milimita ɗaya, ana nufin lita ɗaya ta zuba a kan filin da tsawonsa mita ɗaya, faɗinsa mita ɗaya. Hukumar kula da yanayi ta Ghana tana da ma'aunai a tashoshinta, wani gwangwani ne mai mazurari da ake kafawa a sarari, nesa da bango da bishiya, ana duba shi kowace safiya. Sai a tara na shekara, a haɗa na shekaru talatin, a raba. Abin da ya fito shi ne matsakaicin ruwan shekara na wurin.

A wannan lissafi Accra tana tsakanin milimita 700 da 800. Kumasi tana wajen 1,400, kusan ninki biyu ke nan. Axim, can ƙuryar kudu maso yamma, ta haura 2,000. Tamale kuwa, da mutane ke yi wa kallon busasshen gari, tana samun 1,000 zuwa 1,100. Wato ruwan Accra ya fi kusa da na ƙasar Hausa fiye da na Asante. Ko ba ka riƙe alƙaluma ba, ƙasa da kanta tana ba da shaida. Goron da ya kawo kakanninmu fatauci da koko da ake nomawa duk 'yan kurmi ne, a Asante suke jin daɗi. Amma ka bi hanyar Akosombo ta wajen duwatsun Shai, ciyawa za ka gani da itatuwan kuka jefi-jefi, sai ka rantse arewa kake. A Ada kuma gishiri ake shanyawa, sana'ar da ba ta yiwuwa inda sama ba ta ɗaukewa.

Kusanci da teku ba shi ke kawo ruwa ba. Teku tururi kawai take bayarwa. Kafin tururin ya zama hadari, sai iskar da ke ɗauke da shi ta hau sama ta yi sanyi, kamar yadda gumi ke taruwa a cikin murfin tukunya. Duk inda babu abin da zai ɗaga iskar, wucewa take yi da kayanta.

A nan ne Accra ta yi rashin sa'a ta fuska biyu. Iskar damina daga kudu maso yamma take fitowa. A Axim gaɓar teku tana fuskantar ta gaba da gaba, iskar ta yi karo da tudu da kurmi, ta tashi sama, ta juye ruwa. Amma da zarar an zagaye tsinin nan na Cape Three Points, gaɓar sai ta karkata ta nufi gabas maso arewa, kusan layi ɗaya da iskar. Saboda haka a Accra iskar rakiyar gaɓa take yi, ba ta shigowa da ƙarfi, ga fili shimfiɗe babu abin da zai tare ta. Wannan busasshen ziri ya miƙe har Lome da kudancin Benin.

Na biyu shi ne sanyin tekun. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan ƙasan teku mai sanyi yana tasowa sama a gaɓar Ghana, zafin saman ruwa ya sauka ƙasa da digiri 25. Iskar da ta bi ta kansa sai ta yi sanyi ta yi nauyi, ta ƙi tashi. Shi ya sa a watan Agusta za ka ga gari ya lumshe, gajimare ya rufe rana, ana ɗan sanyi-sanyi, amma da ƙyar a samu ko yayyafi. Masunta dai ba sa kuka da wannan, don ruwan sanyin ne ke taso da abincin kifi, lokacin ne ƙananan kifi ke cika kwale-kwale a Chorkor da Tema.

Kumasi tana cikin ƙasa, a kan tudu mai tsayin wajen mita 250, kurmi kewaye da ita. Rana ta gasa ƙasa da hantsi, iska mai laima ta tashi, la'asar na yi hadari ya haɗu. Ko a nan kusa da Accra ma, ka hau Aburi ka ga yadda dutse ke canza lissafi: tafiyar da ba ta kai kilomita arba'in ba, amma ganye shar.

Sai batun yadda ruwan ke rabuwa a cikin shekara, wanda ya fi jimillar muhimmanci ga mai tanki. Kudu damina biyu gare ta, babba daga Afrilu zuwa tsakiyar Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Arewa ɗaya ce tak, daga wajen Mayu zuwa Oktoba, ƙarfinta a Agusta da Satumba, daga nan sai hunturu da dogon rani. Abin da ke sa Tamale kama da wurin da ba ruwa ke nan, alhali ta fi Accra.

Ambaliya kuma ba ta duba jimillar shekara, abin da ya sauka cikin 'yan sa'o'i take dubawa. Wajen rabin ruwan Accra yana zuba ne tsakanin Afrilu da Yuni, sau da yawa kamar da bakin ƙwarya. Gari ne mai kwari, an shafe ƙasarsa da siminti da kwalta, kwatoci cike da leda da yashi, ruwan unguwanni da dama kuma kogin Odaw yake nufa. Daren 3 ga Yuni 2015, da ambaliya ta haɗu da gobarar gidan mai a kusa da shataletalen Kwame Nkrumah da ake kira Circle, mutum wajen 150 suka rasu, Allah ya jiƙan musulmin cikinsu ya kiyaye na gaba.

To, ga lissafinka. Auna inuwar rufin a ƙasa, tsawo sau faɗi. A ce mita 10 ne da mita 6, murabba'in mita 60 ke nan. Ka ninka da milimita 750, matsakaicin ruwan Accra, lita 45,000. Cire kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke fantsama da yoyon indararo, saura 36,000 a shekara, jarkar Kufuor mai lita 25 guda 1,440. Rufin yayanka, in girmansu ɗaya, zai ba da sama da lita 67,000. Naka bai kai nasa ba, amma ba abin rainawa ba ne ga wanda ke sayen ruwan tanka.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen ƙaramin tanki. Ruwa ɗaya mai milimita 50 zai sauko maka da lita 2,400, mai cin lita 1,000 zai cika ya yi ta amai tun ruwan bai yi rabi ba. Kai ka fi yayanka bukatar babba, domin shi kafin nasa ya ƙare wani ruwan ya zo, kai kuwa sai ka yi makonni kana kallon sama. In da hali ka fara da mai lita 5,000, a kan dakalin siminti da ya daidaita, don cikakkensa tan biyar ne, ƙasa mai taushi tana iya karkatar da shi ya tsage. Ka sa raga a bakin bututu, ka rufe murfi ruf saboda sauro. Ruwan farko bayan hunturu ka bar shi ya zube, haka kuma jarka biyu na farkon kowane ruwa, don su ne ke wanko ƙura da kashin tsuntsaye. Na sha a tafasa shi. Gidan da ke kashe lita 200 a rana, lita 5,000 kwana 25 za ta yi masa, don haka daga Disamba zuwa Maris ka ci gaba da ajiye kuɗin mai tanka.