Mai bes, fara neman mai ganga

Ƙanena, tun shekaranjiya na ga tambayarka, sai yau na samu zama. Ka ce shekara 2 ke nan kana koyon jitar bes a ɗakinka a Samaru, kana bin darussan YouTube, yatsunka sun saki, amma ba ka taɓa kaɗawa da kowa ba. Kana so ka san ta ina ake shiga ƙungiya, kuma ko abin yana riƙe mutum. Waɗanda suka ce ka buɗe shafi a Instagram ka riƙa ɗora bidiyo ba su faɗi ƙarya ba. Sai dai ni da na haura shekara 20 ina rataye da wannan icen a Kaduna, ban taɓa samun aiki ta nan ba. Lasifikar waya ma ba ta san da mu ba. Tsirkiyarmu mafi kauri, wato E, sau 41 kacal take girgiza a daƙiƙa, ƙaramar lasifika ba ta iya fitar da ita. Mai kallo ƙaras-ƙaras ɗin yatsa kawai yake ji.

Ka nemi mai ganga. Ina nufin mai gangunan Turawa da muke ce wa jaz. Kusan duk aikin da na taɓa ci, wayar mai ganga ce ta kawo shi. Shugaban ƙungiya in aka ba shi biki, mai fiyano yake fara kira, sai mai ganga, sannan ya tambayi mai gangan: wa za ka zo da shi? Ba ya zaɓa da kansa, don ya san in mai bes ya yi ta tuntuɓe, mai ganga ne zai kwana da ciwon kafaɗa yana jan ƙungiya shi kaɗai. Saboda haka kowane mai ganga da ke samun aiki yana da mutum 2 ko 3 a wayarsa da ya yarda da su. Abin da kake nema shi ne ka zama na uku, ko da na huɗu ne.

Ni a wata coci a Kakuri na fara. Wata 3 ban taɓa jita a gaban jama'a ba, ɗaukar lasifika da naɗe waya ne aikina, in an tashi daga gwajin Asabar in ɗan lallaɓa bes ɗin cocin kafin a kulle. Wata Lahadi mai bes bai zo ba, aka ce yaron nan ai yana taɓawa. Na hau, na zazzage duk abin da na sani a waƙar farko, sama da ƙasa, har ina jin daɗin kaina. Mai gangan dattijo ne da ya yi aiki a masaƙa kafin ta durƙushe. Ana cikin addu'a, kowa ido rufe, ya miƙo sanda ya zungure ni a gwiwa, ya nuna mini ƙafarsa ta dama da ke kan fedal. Ya ce, "Daina kallon yatsunka. Inda wannan ta sauka, nan za ka sauka. In ba ta sauka ba, kai ma ka yi shiru." Sauran sujadar ban ɗaga ido daga silifas ɗinsa ba, ruwan toka ne, an ɗaure igiyarsa da waya. Na ji kamar ba na kaɗa komai, amma a waƙar baiko na ga matan zumunta sun taso da rawa tun daga bencin baya. Bayan sati 2 shi ya kai ni bikina na farko a Sabon Tasha. Naira 500 aka ba ni da shinkafa a leda.

Yanzu ina aikin yake? Gara ka ji tun da wuri, masana'antar waƙoƙin Hausa ta zamani ba ta cika neman irinmu ba. A sutudiyo, a Kano ne ko nan Kaduna, mutum ɗaya da fiyanon Yamaha ko kwamfuta yana haɗa ganga da bes da sarewa kafin la'asar. A wurin biki kuma mawaƙi filashi yake miƙa wa DJ ya bi kiɗansa. Ban ga laifinsu ba, mutum ɗaya ya fi mutum 6 sauƙin biya. Dattawanmu suna ba da labarin zamanin Bala Miller, lokacin da babbar ƙungiya da masu ƙaho take cika kulob a Kaduna tana waƙa da Hausa. Ni ban riski wannan ba. Abin da na tarar shi ne coci, otal da lambunan shaƙatawa na ƙarshen mako a Barnawa da Narayi, liyafar barikin soja, bukukuwan mutanen Kudancin Kaduna da na Ibo da Yarbawa, da jana'izar tsofaffi, wadda ita ma biki ce a wurin wasu. Akwai kuma 'yan badujalar soja da na 'yan sanda, suna da sashen kiɗan rawa mai jita da fiyano, kuma albashi ne duk wata. In shekarunka ba su wuce ba, kada ka raina wannan ƙofar.

Ba ka faɗi ko kana zuwa coci ba. In kana zuwa, an rage maka rabin wahala, cocin Samaru da Sabon Gari da Wusasa kullum suna neman wanda zai tsaya in nasu ya tafi hutun makaranta. In Musulmi ne kai, ƙungiyoyin otal ba sa tambayar addini, na yi shekara 4 da wani mai jita da ke ajiye ta ya je ya yi magariba ya dawo mu ci gaba. A Nijar ma ka ga inda jita ke da daraja a biki. A Yamai ƙungiya irin su Tal National har rabuwa biyu suke yi don su kaɗa a wuri biyu a dare ɗaya, a Agadas kuwa jita ta zama kayan biki. Mu nan sai da nema.

Abin da YouTube ba zai koya maka ba shi ne kunne. Ba wanda zai ba ka takarda. Mawaƙiya za ta ɗauko waƙa daga inda muryarta ta ga dama, kai ne za ka lalubo ta kafin ta kai layi na biyu. Ka koyi do-re-mi har ya zauna maka, don da shi muke magana a kan dandamali, mai fiyano zai waiwayo ya ce "fa, so, la" ya juya abinsa. Kuma kada ka kuskura ka bi hannunsa da ido. Da yawansu wuri ɗaya suka iya kaɗawa, maɓallin sauya murya suke dannawa, hannunsa yana kan C alhali abin da ke fitowa daga lasifika E ne. Wannan ya taɓa kunyata ni a gaban amarya da ango, baiti guda cur ina can wani gari. A dare ɗaya za a nemi hailaif, a nemi makosar Kamaru, a nemi kiɗan Kwango, wani mai furfura ya ce sai rege, sannan dangin uwar amarya su ce a yi musu ta gida da harshensu. Makosa ka fi ba wa lokaci, don a nan ake gane mai bes, kuma a nan ne kaɗai za ka ga an tsallake mawaƙi an zo an manna maka kuɗi a goshi.

Tunda na ambaci liƙi, bari in yi maganar kuɗi. Ka tambayi nawa ne kafin ka hau mota, ba bayan an sauke kaya ba. Ka tambaya ko an karɓi kafin alƙalami, kuma yaya ake raba liƙi. A yawancin ƙungiyoyin da na zauna, mai kayan sauti yake fara cire nasa, a cire kuɗin mota da man janareto, mawaƙi ya ɗauki babban kaso, abin da ya rage mu raba. Wanda yake tsince kuɗin daga ƙasa ya zuba a jaka, ku tabbata naku ne, ku kuma ƙirga tare. Wani manajan otal ya taɓa riƙe mana kuɗin sati 5, kullum "oga bai sa hannu ba", ƙarshe muka zo ranar Juma'a muka tarar da DJ a wurinmu. Ba takarda, ba shaida, sai Allah ya isa. Tun daga nan duk yarjejeniya sai na ce a turo mini ta WhatsApp.

Liƙin ma ba kamar da ba. Farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, mun yi bukukuwan da mutane suka yi rawa hannu wayam, sai lambar asusu aka rubuta a kwali aka jingina da lasifika. Ba a gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai a watan Mayu, kuɗin janareto ya cinye abin da ake ba mu. Ga dokar Babban Banki ta 2007 da ta haramta watsa naira, ɗaurin aƙalla wata 6 ko tarar aƙalla naira 50,000, wadda aka daɗe ba a waiwaye ta ba sai daga baya da aka fara kai mutane kotu. Yanzu manya da yawa a ambulan suke bayarwa, ambulan kuma aljihun mawaƙi take sani.

Ko yana riƙe mutum? Daga Nuwamba zuwa farkon Janairu, ƙwarai. A wannan tsakanin sai ka yi Kaduna ranar Juma'a, Kafanchan Asabar, ka kwana a mota ka dawo sujadar Lahadi, ranar 1 ga Janairu kuma kowa ya nufi Kagoro bikin Afan. Daga nan sai abu ya yi sanyi. Azumin Ramadan bukukuwa su tsaya, azumin Kirista kafin Ista su ma su ragu, damina ta kori na fili. In gari ya rikice aka sa dokar hana fita, mu ne farkon zama a gida kuma mu ne ƙarshen komawa. Na gani a 2011, na kuma gani a kullen korona na 2020. Ni gyaran amfilifaya nake yi da rana, ina kuma koyar da yara kiɗa a wata makaranta sau 2 a mako. Da wannan na je neman aure, don da na ce musu makaɗi ne ni kawai, da har yau ina jiran amsa. Ka gama karatunka.

Kayan aiki kuwa, kada ka ci bashi ka sayi mai tsirkiya 5 ko 6. Mai 4 ta gwanjo ta isa, in wuyanta a miƙe yake. Hunturu yana busar da icen, wuya ya motsa, tsirkiya ta fara zizar a kan ƙarafa, saboda haka ka koyi juya ƙarfen cikin wuyan da ɗan makullinsa, kaɗan-kaɗan, kwata ɗin zagaye ka bari ya kwana. Tsirkiya in ta dushe, ka tafasa ta a ruwa minti 10 ka shanya ta bushe sarai, za ta ƙara kai ka wasu makonni. In taka mai batir ce, 9V na biyu ya zauna a jaka. Kuma in an haɗa kaya da janareto, kada ka riƙe tsirkiya ka kai baki kan makirufo sai ka fara gwada shi da bayan hannu. Leɓena na ƙasa yana da labari a kan wannan.

Ranar Asabar mai zuwa ka bar jitar a ɗaki. Ka je inda ake gwaji, ka gaishe da mai ganga da sunansa, ka zauna ta gefensa na dama, in an tashi ka taya shi kwance kaya. Sati na uku zai tambaye ka me kake kaɗawa. In kuma ka shigo Kaduna, muna gwaji duk Alhamis da yamma ta wajen unguwar Television, ka yi mini magana ta akwatin saƙo in kwatanta maka. Ka zo da wayar jitarka, ba na ba da aron tawa, guda 3 aka tafi mini da su bara.