Mu tara ne har da 'yar goyo: ɗaki nawa za mu kama a jirgin ruwan shaƙatawa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Maigidana ya yi niyyar kai mu yawon jirgin ruwa a Bahar Rum a hutun watan Agusta, kwana bakwai, za a taso daga Basalona ta ƙasar Sifaniya. Mu tara ne: ni da shi, da mahaifiyarsa mai shekara 72 wadda ke fama da ciwon gwiwa, da yara shida. Maza uku, masu shekara 19 da 13 da 5, mata biyu masu 16 da 9, sai 'yar auta mai wata 14. Ejan ɗin da ya saba yankar mana tikitin jirgin sama ya ce ɗaki biyu masu cin mutum huɗu-huɗu sun ishe mu, wai ba a lissafa goyo, in mun isa tasha sai a ƙara sunanta. Ya kuma ce mu ɗauki farashin garanti tunda ya fi araha. Maigida ya amince, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya, har barci ba na samu sosai. Ba mu biya ba tukuna. Don Allah a ba ni shawara.

Uwar yara shida, Abuja

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Alhamdu lillahi da ba ku biya ba. Kada ku biya ko sisi a kan wannan tsarin, kuma ki nuna wa maigida wannan amsar tun kafin ejan ya sake kiransa.

Maganar nan ta "ba a lissafa goyo" ita ce ta fi ɓata mini rai a duk sana'ar nan ta shirya wa mutane tafiya, kuma da wuya mako ya wuce ban ji ta ba. Na san inda ta samo asali. A jirgin sama, yaron da bai kai shekara 2 ba ana ɗora shi a cinya, ba a saya masa kujera. A otal ma sau da yawa ana kau da kai, a shimfiɗa wa yaro katifa a ƙasa. Sai mai yankar tikitin jirgin sama ya ɗauko wannan lissafin ya ɗora a kan jirgin ruwa, alhali ko hoton ɗakin bai taɓa buɗewa ba. A jirgin ruwa rai ake ƙirgawa. Jaririyar wata 14 mutum ɗaya ce cif, daidai da kakarta. Ɗakin da aka rubuta masa mutum huɗu ba ya karɓar na biyar ko da a zane aka goyo shi. Kuna iya samun rangwamen kuɗinta, wani kamfanin ma harajin tasha kawai zai karɓa a kanta, amma gurbinta a ɗaki sai an ware mata.

Ba son kuɗin kamfani ne ya kawo wannan doka ba. A 1912 Titanic ya nutse da mutum fiye da 2,200 a cikinsa, kwale-kwalen ceto guda 20 ne kacal, waɗanda ba za su ɗauki ko mutum 1,200 ba, aka rasa rayuka sama da 1,500. Daga nan aka ƙulla yarjejeniyar kare rayuka a teku, SOLAS, a 1914, wadda sigarta ta 1974 ce ake aiki da ita har yau ana yi mata gyare-gyare. Ita ta wajabta a ƙirga duk wanda ke cikin jirgi kafin ya bar tasha, a rubuta suna, a bambance babba da yaro da jariri. Kowane ɗaki an haɗa shi da wani wurin taruwa na gaggawa, kowane wurin taruwa kuma yana da adadin da kayan cetonsa za su ɗauka. Har rigar ceto ta jarirai daban take, kuma da sunayen da ke takarda ake tanadinta. Shi ya sa za ki ga ɗaki da gado a buɗe babu kowa, amma kwamfutar kamfani ta ƙi karɓar ƙarin mutum, domin lissafin wannan ɓangaren na jirgin ya cika. A watan Agusta, lokacin da duk Turai ke hutu da 'ya'yansu, wannan ba abin mamaki ba ne ko kaɗan.

To ki dubi abin da ejan ɗinku yake nufi da "a ƙara sunanta a tasha". Ma'aikaciyar da ke karɓar fasfo a Basalona ba ta da ikon ƙara kowa a ɗakin da ya cika. Babu wani oga a bayan kanta da za a gani, babu na goro, babu "ka san ko ni wane ne". Kowane fasinja da katinsa da hotonsa, kuma sai na'ura ta karanta katin kafin a taka matakalar jirgi. Wata shekara wani bawan Allah ya kira ni daga bakin tasha, muryarsa na rawa, ina jin kukan yaro a bayansa. Wani ne ya yi masa irin wannan lissafin, su biyar a ɗakin mutum huɗu. An riga an wuce da akwatunansu ciki, sai da aka nemo su aka fito da su. Ƙarshenta matarsa da jaririn suka zauna a otal, shi da manyan yaran suka shiga, babu wanda ya ji daɗin makon, kuɗin matar kuma bai dawo ba. Wanda ya ba shi shawarar ya kashe wayarsa tun da hantsi. Ban iya yi masa komai ba a lokacin, abin yana damuna har yanzu.

Akwai kuma ƙanwar wannan dabarar, wadda ita ta fi ba ni tsoro don tana wucewa a tasha lafiya lau. A rubuta sunan yaro a ɗakin wani dangi ko abokin tafiya da ke can wani hawa, a wani gefen jirgi, amma ya riƙa kwana wurin uwarsa. Ranar lafiya babu mai tambaya. Ranar da ƙahon jirgi ya busa alamar gaggawa, gajeru bakwai da dogo ɗaya fa? Ƙananan yara ana ɗaura musu abin hannu mai ɗauke da alamar wurin taruwarsu, kuma in suna wurin wasan yara lokacin da abu ya faru, can ma'aikata za su kai su kai tsaye. Ke kina tsaye a wuri ɗaya da rigar ceto a wuya, ɗanki an kai shi wani wurin a ɗaya gefen jirgin da ya kai tsawon mita 300, lif an kashe, matakala cike da mutane dubbai. Wace uwa ce za ta tsaya a layi? Za ki kutsa nemansa, ki jefa kanki da wasu cikin haɗari. Daren 13 ga Janairun 2012 Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Jiliyo na Italiya, a wannan tekun da za ku bi, da mutum fiye da 4,000 a ciki, 32 suka rasu. Ɗaruruwan da suka shiga a yammacin ranar ko atisayen gaggawa ba a yi musu ba tukuna. Bayan nan ne aka gyara doka, ya zama dole a yi atisayen kafin jirgi ya tashi ko da zarar ya tashi. Jiragen nan suna da aminci ƙwarai, ba ina tsorata ki ba ne, amma amincin nasu ya dogara ne da takardar da ke faɗin gaskiyar wane ne yake ina.

Mu kuwa bai kamata a koya mana wannan darasin daga Turai ba. Mun saba da "matsa kaɗan", mun saba da "ɗora shi a cinya", a mota da a kwale-kwale. Ba mu manta da Bagwai ba a ƙarshen 2021, inda jirgin ruwa ya kife da ɗaliban Islamiyya a kan hanyarsu ta zuwa Mauludi, kuma lodin da ya wuce kima na cikin abin da aka ɗora wa laifi. Yaran nan amana ce a hannunmu. Wanda Allah ya hore masa kuɗin kai mutum tara Sifaniya, bai dace a ce a kan gurbin 'yar auta zai nemi ragi ba. Ejan kuma da ke ba da fatawa a kan abin da bai sani ba ya ji tsoron Allah. In ya tsaya a kan bakansa, ku ce ya turo muku takardar tabbaci daga kamfanin jirgin mai ɗauke da sunaye tara da ranakun haihuwa da lambar ɗakin kowa. A nan za ki ga ya fara kame-kame.

Farashin garanti shi ma ku bar shi. Ma'anarsa kun sayi nau'in ɗaki, kamfani ne zai zaɓa muku lamba daga baya, wani lokacin ana saura 'yan kwanaki a tashi. Ga mata da miji su kaɗai ciniki ne mai kyau. Ga iyali irin naku yana iya jefa ɗaki ɗaya a hawa na 9 can gaba, ɗaya a hawa na 12 can baya, kuma ba ku da bakin magana.

Ga yadda zan raba ku in ni ce: ɗaki uku, mutum uku-uku. Ke da maigida da 'yar auta a ɗaya. Samarin uku a ɗakin da ke manne da naku, wanda ke da ƙofa a tsakani, yadda mai shekara 5 zai shigo wurinki cikin dare ba tare da ya fita farfajiya ba. Hajiya babba da jikokinta mata biyu a na uku, ko dai na kusa da ku ko wanda ke fuskantarku. Da haka an raba makwancin maza da mata kamar yadda addini ya koyar, an kuma kiyaye kunyar surukuta, domin ƙofar tsakani ba ta tare sauti kamar bango, kuma ban ga surukar da za ta so ta a tsakaninta da ɗakin ɗanta ba. Kun kuma samu banɗaki uku. Wanda bai taɓa jiran layin alwala da asuba a banɗakin da bai fi a juya sau ɗaya ba, ba zai gane darajar wannan ba.

Ki kula da kalma ɗaya a nan, don a kanta ake yawan yin kuka. Ɗakunan da ke maƙwabtaka daban, masu ƙofa a tsakani daban. Ki buɗe taswirar hawa-hawa ta jirgin a shafin kamfanin, ki nemi 'yar alamar da ke haɗa lambobin biyu, ki gani da idonki. Irin waɗannan ɗakunan kaɗan ne, su da manyan ɗakunan iyali masu cin mutum biyar ko shida, kuma su ke fara ƙarewa, don haka ba abin jinkiri ba ne. Sannan ki tambayi dokar shekaru. Kamfanonin Turai irin su MSC da Costa galibi suna ɗaukar mai shekara 18 a matsayin babba a tafiyar Bahar Rum, wasu na Amurka kuwa kan nemi 21, sai dai sukan sassauta in ɗakin yaran na manne da na iyaye. A rubuto muku amsar, kada ku yarda da ta baki. Ki kuma roƙa a tabbatar duka ɗakunan uku wurin taruwarsu ɗaya ne, a haɗa lambobin rajistar ɗakunanku don a ba ku teburin cin abinci ɗaya.

Saboda gwiwar Hajiya babba, ku nemi tsakiyar jirgi, kusa da lif, a hawan da ke da ɗakuna sama da ƙasa. Tsakiya ta fi ƙarancin jijjiga, kuma kun tsira daga jan kujerun bakin wurin ninkaya da sassafe da kiɗan dare. Banɗakin ɗaki na yau da kullum yana da ɗan tudu a bakin ƙofa. In ɗaga ƙafa na yi mata wuya ko tana amfani da keken marasa lafiya, ku nemi ɗakin masu buƙata ta musamman tun yanzu. Gado na uku a mafi yawan ɗakuna ko kujera ce da ake buɗewa, ko gadon sama da ake saukowa da shi daga rufi a hau da tsani. Mai shekara 13 ya hau sama, mai shekara 5 ya kwana a ƙasa. Gadon jaririya kuma a nema tun wurin biyan kuɗi, a tambaya ko ɗakin zai ɗauke shi, don ɗakin da bai wuce murabba'in mita 15 ko 16 ba, da an kafa gadon sai wurin shimfiɗa sallaya ya zama abin nema.

Baranda abin sha'awa ce, amma ni ba zan ba ɗakin samarin ba. Yaro mai shekara 5 da kujera da ƙarfen jingina, ga teku a ƙasa, ba na son haɗin nan. Ku ɗauki masu taga da ba ta buɗewa, kuɗin da ya ragu ya tafi ga ɗaki na uku. In maigida na son baranda, to ɗakunan biyu masu haɗe yawanci iri ɗaya suke zuwa, sai ku sa mai kula da ɗaki ya nuna muku makullin sama na ƙofar barandar, ya zauna a kulle in ba babba a wurin.

Abu biyu da ba ki tambaya ba. Ki duba jerin tasoshin da jirgin zai tsaya: in akwai wadda ke wajen yankin Shengen (ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya), kamar Tunis, to bizar shiga sau ɗaya ba za ta yi muku ba, sai mai shiga da yawa, har da ta 'yar auta a nata fasfon. Sannan ki bar kaskon turaren wuta da dutsen guga da butar lantarki a gida, za a ƙwace su a wurin binciken kaya, kuma kowane ɗaki da na'urar jin hayaƙi a rufinsa. Humra da turaren fesawa sun wadatar. Butar roba kam ki sa guda uku a akwati, kowane banɗaki ɗaya, don ba za ki same ta a can ba.