Noman Itace da Rama Don Masana'antar Takarda: Wa Zai Saya Ranar Sara?

Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, takarda ta yi tashin gwauron zabo, domin mafi yawan wadda muke rubutu da ɗab'i a kanta daga waje ake shigo da ita. Ganin haka manoma da dama suka fara lissafi: tun da da itace ake yin takarda, mu kuma muna da ƙasa, me zai hana? Tambayoyin wannan mako duk a kan haka suke.

Daga wani manomi a Mokwa, Jihar Neja: Ina da fili hekta biyar da ba na nomawa. Kamfanin takarda na Jebba ba shi da nisa da mu. In dasa malaina in riƙa sayar musu?

Malam, kafin ka haƙa rami ko ɗaya, hau mota ka je Jebba ka tambaya da bakinka ko suna sayen gungumen itace. Zuwa da kai ya fi aike. Na faɗi haka ne saboda tarihin wurin.

Gwamnatin tarayya ta kafa manyan masana'antun takarda uku. Ta Jebba a Jihar Kwara ta fara aiki a 1969, tana yin takarda mai kauri ta kwali da naɗe kaya. Ta Oku Iboku a Akwa Ibom an buɗe ta a 1986 don takardar jarida, da ƙarfin tan 100,000 a shekara, amma ba ta cika shekara goma tana aiki ba ta tsaya. Ta Iwopin a Jihar Ogun kuwa, wadda aka tsara don farar takardar rubutu, an daɗe ana gininta, kuma ba ta taɓa yin aikin da aka gina ta dominsa yadda ya kamata ba. An sayar da ta Jebba ga 'yan kasuwa a 2006, ta farfaɗo, amma da tsohuwar takarda da kwalin da ake tattarowa ta farfaɗo. Injin da ke narka tsohon kwali daban, wanda ke dafa itace ya mayar da shi markaɗe daban. Na biyun yana cin sinadari da ruwa da wuta mai yawa, kuma shi ne muka rasa a ƙasar nan.

Akwai darasi a dazuzzukan Omo da Oluwa a Ogun da Ondo. An dasa malaina mai ɗimbin yawa a can, da tallafin Bankin Duniya, don ta ciyar da Iwopin. Itatuwa suka girma, masana'anta ba ta shirya ba. Masu yankan katako ne suka ci moriyarsu. In gwamnati mai baitulmali ta yi wannan ɓatan lissafi, mai hekta biyar ya kamata ya yi hattara.

Ban ce kada ka dasa ba. Malaina tana son ƙasar Mokwa, ruwan samanku ya ishe ta, tana saurin girma, kuma in an sare ta kututturen yakan sake tofo. Sai dai ka dasa ta da niyyar kafintoci da masu injin tsaga katako. Bar taku uku tsakanin kowace biyu, ka shuka masara ko wake ko gyaɗa a tsakani shekara biyun farko kafin inuwa ta rufe, noman da za ka yi wa amfanin ya zama nata. Babban abokin gabarta wutar daji ce, don haka share iyakar gonar kafin hunturu ya kama, kowace shekara, ba fashi. Don markaɗen takarda ana iya sare ta daga shekara bakwai zuwa goma. Don katako mai kyau sai ka ƙara haƙuri. In kafin lokacin wata masana'anta ta buɗe tana neman itace, rassa da ƙananan da ka rage su zama nata, ka ci riba biyu.

Daga shugabar wata ƙungiyar mata manoma a yankin Funtuwa: Mun ji ana yin takarda da rama. Ramar da muke kwaɗo da ita ce? Yaya ake nomanta?

Hajiya, ita ce dai, sai dai akwai irin da aka tace don tsawo da zare, kuma cibiyar binciken noma ta IAR&T da ke Ibadan ta daɗe tana aiki a kansa. Wannan tambaya ta fi kowace burge ni, domin ta taɓa ainihin ciwon masana'antunmu.

Takarda mai ƙarfi tana bukatar dogon zare. Itatuwanmu irin su malaina gajeren zare gare su, wajen milimita ɗaya. Suna ba takarda santsi amma ba sa ba ta ƙarfin jure yagewa. Dogon zaren daga itatuwan ƙasashen sanyi masu ganye kamar allura ake samunsa, don haka masana'antun nan namu sai da suka riƙa sayo markaɗensa da kuɗin waje. Da kuɗin waje ya yi wuya a shekarun 1980 da 1990, sai ga inji ga ma'aikata babu abin haɗawa. To ɓawon rama, wanda kakanninmu ke tufka igiya da shi, zarensa ya ninka na malaina tsawo. Ɓawon nan kusan kashi ɗaya cikin uku ne na karan, sauran totuwa ce mai gajeren zare. Ga shi cikin wata huɗu zuwa biyar ta isa yanka, ba jiran shekaru.

Nomanta don zare ya saɓa da na miya. Ana shuka ta a cunkushe, layi kusa da layi, don kada ta yi rassa, ta miƙe sambal tana neman rana. A shuka da zarar damina ta zauna. In an makara, gajartar yini za ta sa ta yi fure tun ba ta yi tsawo ba, zare ya yi kaɗan. Ba ta son ƙasa mai kwanciyar ruwa. A guji maimaita ta a inda aka cire kuɓewa ko tumatir, saboda tsutsar ƙasa mai sa saiwa ta yi ƙulle-ƙulle tana kama su duka. A yanke lokacin da ta fara fure.

Amma ku ji nan. Karan rama ba shi da nauyi ga cika mota, kuɗin dako yana iya cinye ribar tun ba a isa ba. Kada ƙungiya ta zuba kuɗin adashenta a hekta ashirin a kan maganar baki. Wanda ya zo muku da iri da alkawari, ku ce ya rubuta: nawa zai biya kilo, ɓawo yake so ko karan gaba ɗaya, wa zai biya mota, yaushe kuɗi zai fito. Ya sa hannu gaban mai unguwa. Bana ku gwada rabin hekta, in mai saye bai zo ba ga igiya, ga ganye, ga iri na sayarwa.

Daga wani mai noman shinkafa a Argungu: Karan shinkafar da muke ƙonawa bayan sussuka, ba zai yi takarda ba?

Yana yi, Alhaji. Sin da Indiya sun yi shekaru suna yi. Matsalarsa sinadarin yashi da ke jikinsa, wanda ke toshe injinan da ake tace ruwan dahuwa da su a sake amfani da shi, sai a riƙa zubar da baƙin ruwan a kogi. Dalilin da ya sa Sin ta rufe ɗimbin ƙananan masana'antunta na kara ke nan. Kai da ke shan ruwan Gulbin Kebbi ba za ka so irin wannan a maƙwabtaka ba. Haka tuƙar rake: a Tamil Nadu ta Indiya akwai babban kamfanin da ke yin takarda da ita, amma kamfanonin sukari irin na Numan suna ƙona tasu ne su samu tururi da wuta. Ka daina ƙona karanka dai. Ka ɗaure ka sayar wa masu kiwo, ko ka zuba a turke ya zama taki.

Daga wani matashi a Zariya: An ce turare ne itacen takarda a Barazil. In zagaye gonar mahaifina da shi?

Gaskiya ne, a can cikin shekara shida zuwa bakwai suke sare shi, kuma yana yi a ƙasarmu. Je ka dajin Afaka kusa da Kaduna ka gani. Amma zagaye gona da shi kuskure ne. Saiwarsa tana zuƙe ruwa, amfanin da ke kusa da shi ba ya yin kirki. Ware masa gefe guda mai tsakuwa, nesa da rijiya da fadama. Masu gini suna sayen sandunansa kullum.

Tun da kai matashi ne mai neman abin yi, bari in ƙara maka abin da ba ka tambaya ba. A Indiya kamfanin ITC ne da kansa ya riƙa raba wa manoman da ke kewayen masana'antarsa ta Bhadrachalam dashen turare, yana dawowa ya sayi itacen. Masana'anta ce ta riga gona. Ranar da ka ga wani kamfani a nan ya kafa wurin renon dashe, ya tura malaman gona ƙauyuka, yana auna tazarar gonaki daga ƙofarsa, to da gaske yake, ka shiga. Bukata kam tana nan: yara na ƙaruwa a makarantu, kuma kowane kaya sai an sa shi a kwali. Kafin ranar ta zo, abin da masana'antun Legas da Ogun da Jebba ke saye a yau tsohon kwali ne da ragowar takardar maɗaba'a. Sami rumfa mai rufin da ba ya yoyo, da sikeli, ka ƙulla hulɗa da masu shaguna da 'yan bola-jari. Raba fara daban, kwali daban, domin farashinsu ba ɗaya ba ne, ka cire leda da ƙusoshi. Kada ka bi masu yayyafa ruwa don ƙara nauyi. Masu saye suna duba danshi, kuma mota guda da aka kama ta isa a daina karɓar kayanka.